Gudun Kenya da Habasha: jini ne ko malami?

Duk sanda ɗan Kenya ya cinye tseren dogon zango, maganar da ake yi a majalisun Ƙaura Namoda ɗaya ce: ai a jininsu yake. Maganar ba ta rasa madogara ba. Galibin zakarun ƙasar 'yan ƙabilar Kalenjin ne, daga Kipchoge Keino da ya ci zinare a Meziko a 1968 har zuwa Eliud Kipchoge, wanda ya gama tseren kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a 2019. Garin Iten da ke yankin Kalenjin yana bisa tudu mai tsayin mita 2,400, inda iska ba ta ƙosar da huhu, sai jiki ya saba da wuya. Masana daga Danmak sun kuma lura da siraran ƙwaurinsu, waɗanda ba sa cin ƙarfi wajen ɗagawa.

Sai dai wani masani, Yannis Pitsiladis, da abokan bincikensa sun yi shekaru suna tona ƙwayoyin gadon 'yan tseren Kenya da Habasha, ba su samu wata ƙwaya guda da za a ce ita ce sirrin ba. Abin da ya fito fili shi ne da yawansu da gudu suka riƙa zuwa makaranta tun suna ƙanana.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina Bekoji ne, ƙaramin garin manoma a Habasha. Ƙasar cike take da tuddai, amma Derartu Tulu, Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba duk daga nan suka fito, kuma duk sun bi ta hannun malami guda, Sentayehu Eshetu. A Iten ma wani malami ɗan Ayalan, Colm O'Connell, da ya zo koyarwa a 1976, shi ya mai da makarantar St Patrick's matattarar zakaru.

Mun san irin wannan a dambe. Rundawa sun yi fice ne saboda yaro yana buɗe ido ya ga ana naɗa zare a hannu, ga makaɗi yana zuga, ga fage duk kaka.

Ƙaura Namoda ba ta da tudun Iten, wannan kam ba a sayensa. Yara masu cin dogon nisa a ƙasa kuwa akwai su har Zurmi da Shinkafi, ko da yake yanzu 'yan bindiga sun sa iyaye tsoron hanyar. Malamin da zai tsaya bakin fili da agogo a hannu, ya rubuta sunan yaro da lokacinsa, ya aika gaba, shi ne da wuyar samu.