RANAR TALATA MA KYAUTA CE

 Ina so mu yi wani ɗan lissafi tare. Shekara tana da kwana 365. A cikinsu, kwana nawa ne mu yara Kirista muke ɗoki? Kirsimeti, Sabuwar Shekara, Ista, sai ranar haihuwar mutum idan gidansu ana tunawa da ita. Kwana huɗu ke nan. To, sauran 361 fa? Na jira ne kawai? A ra'ayina, a'a. Ranar Talata da babu shinkafa da kaza, babu sabon ɗinki, ita ma kyauta ce daga Allah, kuma ta isa a yi murna da ita.

Bakinmu ma ya riga ya san haka. Idan aka tambaye mu yaya gida, yaya karatu, sai mu ce mun gode Allah. Abokanmu Musulmi su ce Alhamdulillahi. Amma sau da yawa baki ne kawai yake faɗa, zuciya tana wani wuri. Muna faɗa, muna kuma tsaki saboda sanyin hunturu, ko tafiyar ƙasa, ko aikin gida na lissafi.

A Littafi Mai Tsarki, cikin Fitowa sura 16, Allah ya ciyar da Isra'ilawa da manna a jeji har shekara 40. Bai ba su buhu-buhu su ajiye ba. Kowace safiya sai sun fita sun tattara na ranar, in ban da jajibirin Asabar da suke ɗiban na kwana biyu. Waɗanda suka ɓoye saura a sauran ranaku, sun wayi gari ya yi tsutsa. Abin da na fahimta shi ne, Allah yana ba da alherinsa rana-rana. Wanda ya zuba wa gobe ido kawai, na yau zai wuce shi bai ɗanɗana ba.

A Luka sura 17 kuma, Yesu ya warkar da kutare 10, amma ɗaya ne tak ya dawo ya yi godiya. Mutumin Samariya ne, ba Samarun nan tamu ba! Sauran taran ba a ce mugaye ba ne. Sun karɓi kyauta, sun yi gaba, ba su waiwayo ba. Hausawa kuwa sun ce yaba kyauta tukwici.

Wani zai ce, mene ne abin murna a zuwa makaranta kullum? Mu tuna watan Maris na 2020, lokacin muna firamare. An rufe makarantu a duk Najeriya saboda cutar korona, muka zauna a gida watanni. Da farko daɗi, daga baya har ƙarar ƙararrawa muka yi kewa. Mu kuma tuna ɗaliban makarantar Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun, a jiharmu ta Kaduna. A watan Yulin 2021 'yan bindiga suka sace fiye da 100 daga cikinsu, wasu suka yi watanni a daji. Iyayensu ba Kirsimeti suke roƙo ba a lokacin. Rana irin ta kullum suke roƙo, wadda yaro zai tafi makaranta ya dawo ya ce yunwa yake ji. Irin ranar da muke rainawa ke nan.

Na san akwai masu cewa wannan magana ta masu ƙoshi ce. Abinci ya yi tsada a kasuwar Samaru da ta Sabon Gari. Wasunmu suna zuwa aji ba su karya ba, wasu kuma babu kujerar zama. Gaskiya ne, kuma godiya ba ta ce mu rufe baki ba. Wanda ya san darajar abu shi ne yake neman a gyara shi. Idan mun ɗauki karatu kyauta ce, za mu roƙi a gyara kujeru, kuma ba za mu karya waɗanda suka rage ba. Idan mun ɗauki kuɗin tara kyauta ce, za mu raba ƙosai da wanda bai zo da komai ba.

Murnar da nake nufi ba ta bukatar kuɗi. A Wusasa akwai cocin Saint Bartholomew, wadda aka gina a 1929 da ƙasa, irin ginin Hausawa. Har yanzu tana tsaye, mutane suna zuwa ganinta. Ƙasar da muke takawa kullum ce ta zama ɗakin sujada. Haka ranakunmu suke. Daga ƙananan abubuwa ake gina rayuwa mai kyau.

Ga shawarata. A coci muna yin godiyar kaka sau ɗaya a shekara, a kawo masara da doya da kaji, Zumuntar Mata suna waƙa. Mu ma mu riƙa yin ƙaramar godiyar kaka kowane dare. Kafin barci, ka ambaci abu uku da ka samu a ranar, ka gode wa Allah a kansu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka gode wa mutum ɗaya baki da baki: Mama da ta tuƙa tuwo, Malam da ya maimaita darasi don ka gane, ko abokin da ya ara maka biro. Mu gwada na mako guda, Kirista da Musulmi, mu ga ko tsakin da ake yi a aji ba zai ragu ba.

Allah ya ba mu idon ganin alherinsa, amin.

Daga wata 'yar ƙungiyar 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare