Wa Ke Saya Wa Hemedti Harsashi?

A makon jiya, bayan na kammala darasi kan yaƙe-yaƙen basasa a Afirka, wata ɗaliba ta tsayar da ni a bakin ƙofar aji. Ta ce, "Malam, waɗannan 'yan tawayen Sudan ba su da baitulmali, ba su da tashar jiragen ruwa, to da me suke yaƙi tun 15 ga Afrilun 2023?" Na ba ta amsa a gurguje, amma tambayar ta bi ni har gida.

Sai mu fara da asali. Rundunar RSF ba daga daji ta ɓullo ba, gwamnati ce ta haife ta. Umar al-Bashir ya tattara mayaƙan Janjawid da ya yi amfani da su a Darfur, a 2013 ya ba su kaki da sabon suna, ya ɗora Muhammad Hamdan Dagalo, wato Hemedti, a kansu. Ya so ya samu garkuwa ko da sojojinsa sun juya masa baya. A 2019 da sojojin da garkuwar duka suka kayar da shi. Duk gwamnan da ke raba wa 'yan sa-kai bindiga a nan gida, ya kamata ya karanta wannan babi sau biyu.

Arziƙin Hemedti ƙofa biyu ya shigo ta. Ta farko Yemen, inda ya tura dubban samari su yi wa ƙawancen Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa yaƙi a kan kuɗi. Ta biyu zinare. A 2017 dakarunsa suka ƙwace ma'adinan Jabal Amir daga hannun Musa Hilal, kuma mafi yawan zinaren Sudan a kasuwar Dubai yake sauka. Nan amsar ɗalibata take. Mai yaƙin da ke rayuwa da harajin talakawa dole ya lallaɓa su, ko don gobe. Wanda zinarensa ke fita ta jirgi, makamai na dawowa ta jirgi, ba ya buƙatar manomin Darfur da rai. Gonarsa ma ta fi masa amfani idan babu shi.

A Janairun 2024 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce zargin da ake yi wa Daular Larabawa na kai wa RSF makamai ta filin jirgin Amdjarass a gabashin Chadi zargi ne mai tushe. Daular ta musanta, ta ce asibiti ta gina a can. Rahoton nan dai ya ƙiyasta cewa an kashe mutum 10,000 zuwa 15,000 a Al-Junaina kaɗai, akasarinsu 'yan ƙabilar Masalit. Bayan shekara guda Amurka ta kira abin da RSF ke yi kisan ƙare-dangi, ta sa wa Hemedti takunkumi tare da wasu kamfanoni masu zama a Daular. Sudan ta kai ƙara Kotun Duniya, a Mayun 2025 kotun ta ce ba ta da hurumin sauraro. Ba wanke kowa ta yi ba, ƙin buɗe fayil ɗin ta yi. A Oktoba Al-Fashir ta faɗi, bayan ƙawanyar kusan wata 18.

Kada a ɗauka ina wanke Janar Burhan. Shi ma yana da Masar a bayansa, ya samu jirage marasa matuƙi daga Iran da Turkiyya, kuma bama-bamansa sun sauka a kasuwanni. Amma laifin wani ba ya goge na wani.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shirunmu. Sudan ba baƙon wuri ba ne a gare mu: hanyar Hajjin kakanninmu ce, akwai Hausawa a Jazira da Sennar, akwai garin Maiwurno da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Amma tun da aka kwaso ɗalibanmu daga Khartum a 2023, muka naɗe tabarmar zancen. Mun fi damuwa da ranar da za a sassauta mana bizar Dubai.

A Satumbar 2025 ƙasashe huɗu suka fitar da shawarar tsagaita wuta: Amurka, Saudiyya, Masar, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Biyu daga cikin masu sulhun su ne ake zargi da ɗaure wa masu faɗan gindi. Wannan jerin sunaye zan rubuta wa ɗalibaina a allo ranar Litinin.