"Babu Biyu" A Falsafar Hindu: Shin Tauhidi Ne?

Duk wanda ciniki ko aiki ya haɗa shi da masana addinin Hindu, wataƙila ya ji sun ce su ma Ɗaya suke nufi, komai yawan gumakan da ke wuraren bautarsu. Maganar tana da tushe, ya kamata mu fahimce ta kafin mu gaskata ko mu musa.

Tushenta wata mazhaba ce mai suna Adwaita, wato "babu biyu". Babban malaminta Shankara, mutumin Kerala a kudancin Indiya, ya rayu wajen ƙarni na 8 Miladiyya, ya kuma yi sharhi a kan tsofaffin littattafansu na Upanishad. A wurinsa Brahman kaɗai ne tabbataccen samamme, ruhin mutum kuwa shi ne Brahman ɗin. Misalinsu shi ne mutumin da ya taka igiya da almuru ya zaci maciji ne: tsoronsa gaskiya ne, amma da an kawo fitila sai macijin ya gushe. Haka duniya take a ganinsa, ana hulɗa da ita har ranar da sani ya zo. Ko a cikinsu ma an saɓa masa, domin Madhwa a ƙarni na 13 ya ce Ubangiji daban, rayuka daban.

Musulmin Indiya sun daɗe da sanin wannan mas'ala. A 1657 Yarima Dara Shiko, ɗan Sarki Shah Jahan, ya fassara littattafan Upanishad zuwa Farisanci, yana ganin akwai tauhidi a ciki. Tun kafin haka Shehu Ahmad Sirhindi, wanda ya rasu a 1624, ya yi bayani cewa sufin da ya nutse cikin ambaton Allah har bai ganin kowa, kamar mai duban sama ne da rana tsaka: bai ga taurari ba, amma suna nan.

To, a nan hanyoyin suka rabu. Adwaita ta kore samuwar wani abu ban da Ɗaya. Tauhidi kuwa ya kore abokin tarayya, ya tabbatar da Mahalicci da abin halitta. Bawa bawa ne har a Aljanna. A kan wannan aka gina hisabi: mudun da ɗan kasuwa ya tauye da amanar da ma'aikaci ya ci, duk za a tambaye su.

Allah Ya tabbatar da mu a kan imani, amin.