An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Kayan Zamani da Tsofaffin Filayen Golf

Wasan golf wasa ne na lissafi: mutum ya bugi ƙwallo da sanda har ya jefa shi rami, wanda ya gama ramuka 18 da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani. Magabatan da suka shata filayen gasar sun auna ƙarfin ɗan Adam da sandar zamaninsu, sannan suka haƙa ramukan yashi daidai inda ƙwallon mai ganganci zai sauka. Wannan hikima ce kamfanonin kayan wasa suka rusa, hukumomin wasan kuwa suna kallo.

A da, kan babbar sanda na itace ne, wani ɗan'uwan kanya, ƙwallon kuma zaren roba ne naɗaɗɗe. Kuskure kaɗan, sai ya karkace ya faɗa jeji. Daga baya aka koma ƙarfe, aka zarce zuwa titaniyom, kan sanda ya yi ta kumbura har sai da aka yi masa iyaka a 2004. A shekarar 2000 kamfanin Titleist ya fito da ƙwallon Pro V1 mai daskararren ciki, mai nisan tafiya da ƙarancin karkata. Sakamakon haka, matsakaicin bugun farko a gasar ƙwararrun Amurka, wanda yake wajen yadi 257 a 1980, ya kai kusan yadi 300 a 2023. Tarkon da aka ɗana wa ɗan wasa ya zama ado, ƙwallo ta samansa yake wucewa.

To, me masu filaye suka yi? Sai suka shiga jan ƙasa kamar ƙirgi. Filin Augusta na Amurka yana da tsawon yadi 6,925 lokacin da Tiger Woods ya ci gasar Masters a 1997, amma a 2023 ya kai 7,545. Rami na 13 kaɗai sai da aka sayi ƙasar maƙwabta kafin a ƙara masa yadi 35. Tsohon filin St Andrews na ƙasar Sikotilan, wanda ya tsayar da ramuka 18 tun 1764, shi ma bai tsira ba. A 2010 an fitar da mafarin rami na 17 waje da iyakar filin, domin ya kai yadi 495. Duk da haka a 2022 Cameron Smith ya ci gasar a can da bugu 20 ƙasa da abin da aka ƙayyade. Ina amfanin wannan wahala?

Masu kare kamfanoni suna cewa ai 'yan wasan yau sun fi na jiya motsa jiki. Gaskiya ne, amma ƙwanji bai sāke cikin dare ɗaya ba, ƙwallo ne ya sāke. Suna kuma kafa hujja da filin Merion, mai ƙasa da yadi 7,000, inda Justin Rose ya yi nasara a 2013 ba tare da ya sauka ƙasa da ƙa'ida ba. Sun manta cewa sai da aka matse hanyoyin filin aka bar ciyawa ta yi duhu. Wannan ai gyaran gangar Auzinawa ne, domin an kashe zaɓin hanya, wanda shi ne ruhin wasan.

Kowane yadi da aka ƙara yana cin ƙasa da ruwa da kuɗi. Augusta tana da abin saye, ƙananan filaye masu tarihi kuwa sai dai a daina kai musu manyan gasa.

A Disambar 2023 hukumomin R&A da USGA sun sanar da sabon gwajin ƙwallo wanda zai rage wa masu dogon bugu yadi 13 zuwa 15. Ihu ne bayan hari, kuma bai kai rabin abin da aka ƙara ba. Ra'ayina a fili yake: a rage wa ƙwallon ƙwararru gudu sosai, a ƙanƙance kan sanda, a bar filayen yadda masu su suka shata. Kamfani yana iya ƙera sabon ƙwallo kowace shekara, amma ba wanda zai iya ƙera wani St Andrews.