Biskitin Almon Na Sinawa Da Hannuwan Da Ke Gasa Shi

Idan watan goma sha biyu na kalandar Sinawa ya kai kwana ashirin da uku ko da huɗu, to, aiki ya tashi ke nan a gidajen mutanen Sin duk inda suke a duniya. A share gida ƙal, a biya bashi, a tanadi sababbin tufafi, sa'an nan a koma madafa. Dalilin wannan gaggawa kuwa shi ne, bisa ga al'adarsu, ranar farko ta sabuwar shekara ba a shara, ba a ɗaukar wuƙa ko almakashi, don kada a share arziki ko a yanke shi. Saboda haka duk abin da za a tarbi baƙi da shi tilas a gama shi kafin daren jajibere. Shekarar tasu tana bin wata ne, shi ya sa ranar take yawo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2025 ta faɗo ran 29 ga Janairu, a 2026 kuwa ran 17 ga Fabrairu. Bikin yakan ɗauki kwana goma sha biyar ana ziyarce-ziyarce, kuma babu gidan da baƙo zai shiga a bar shi da shayi tsura.

Cikin kayan da akan ajiye gaban baƙo akwai wani ɗan biskit kewayayye, fuskarsa rawaya tana ƙyalli, an dasa ƙwayar almon guda a tsakiyarsa. Almon ɗin nan wata ƙwaya ce ta itace, ta fi gyaɗa tsawo da tsini, ta kuma fi ta tsada nesa. Sinawa sukan ce biskitin ya yi kama da kuɗin zinariya, watau wanda ya miƙa wa baƙonsa shi yana yi masa fatan wadata ne a shekarar da ta kama. Mai karatu da ya san matsayin alkaki da nakiya da dubulan a garar amarya zai gane cewa irin wannan abinci ba don yunwa ake yinsa ba. Mutuncin gida ne ake ɗorawa a kan faranti.

Sai dai wanda ya bi diddigin wannan biskit da ake kira na gargajiya zai sha mamaki, domin kusan babu wani abu cikin kayan haɗinsa da bai canja ba. Hatta sunan ma akwai magana a kansa. Kalmar da Sinawa ke amfani da ita, shinren, asalinta sunan ƙwayar da ke cikin ƙwallon afirikot ne, wani ɗan itace mai zaƙi na ƙasashen sanyi. Ƙwayar tana kama da almon a ido, ƙamshinsu kuma ɗan'uwan juna ne, sai masu fassara suka ba ta sunan almon, sunan kuwa ya bi ta har yau.

A kudancin Sin, cikin lardin Guwandon, akwai wani gari da a da ake kira Shiyanshan, watau Dutse Mai Ƙamshi, wanda aka sake wa suna Jonshan a 1925 don tunawa da Sun Yat-sen, jagoran juyin da ya kawo ƙarshen mulkin sarakuna. Daga nan ne tsohon samfurin biskitin ya fito. Abin ban dariya, ba fulawa a cikinsa, a farkon lamari ma ba almon. Garin wasu ƙananan wake ne kore, a soya shi sama-sama, a haɗa da sukari da kitse da ɗan ruwa kaɗan har ya zama kamar jiƙaƙƙen rairayi. Sai a danna shi da babban yatsa cikin mazubin katako da aka sassaƙa wa zane da rubutu, a kifa mazubin a ƙwanƙwasa, biskitin ya faɗo da zanen a fuskarsa. Daga nan a jera a faifan gora, a ɗora bisa garwashi mai sanyin wuta har ya bushe. Wannan samfuri shi ne ya ƙetara zuwa Makawo, tashar jiragen ruwan nan da Turawan Fotugal suka zauna tun 1557 har suka mayar wa Sin a Disambar 1999. A can aka riƙa zuba masa dakakken almon, har ya zama tsarabar garin. Gidan Choi Heong Yuen yana wannan sana'a a Makawo tun 1935, gidan Koi Kei kuma, wanda ya faro daga amalanken talla, ya buɗe kantinsa na farko a 1997. A titunan da ke gangarowa daga kangon cocin Santo Paulo, baƙo yakan ji ƙwanƙwasar mazubi kafin ƙamshin ya iso hancinsa.

Shi kuwa mai fuskar zinariyar nan da ƙwaya a tsakiya, wata hanya ya biyo. Kakansa wani biskit ne na fulawa da mutanen Kanton ke kira hop to so, wanda ake yi da wata ƙwaya mai suna walnot. Akwai labarin da ake bayarwa cewa maginan tangaran na garin Jindejen ne suka fara gasa shi a jikin tanderun da suke ƙona kayansu, ko da yake wannan zance ya fi kama da hira ta bakin murhu. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, da aka gano zinariya a Kaliforniya ta Amurka a 1848, dubban samari daga ƙauyukan Guwandon suka hau jirgin ruwa neman arziki. Sun haƙi zinariya, sun shimfiɗa hanyar jirgin ƙasan da ta ratsa Amurka aka gama a 1869, daga baya aka saka musu da dokar 1882 wadda ta hana ma'aikatan Sin shiga ƙasar, ba a kuwa soke ta ba sai 1943. Da ƙofofin aiki suka rufe, yawancinsu suka koma wanki da guga da sayar da abinci. A waɗannan gidajen abinci ne biskitin ya sami sabon gida. Almon ya maye gurbin walnot, abin da ba shi da wuyar fahimta a jihar da a yau take noma kusan kashi 80 cikin 100 na almon ɗin duniya. Da aka fara sayar da daskararren man tsirrai na Crisco a 1911, shi ma ya shiga kwanon kwaɓi, daga baya bota ta biyo.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, tsohuwar madafar Sinawa ba ta da obin. Girkinsu turara ne da suya a kasko mai zurfi, gashi kuwa aikin masu kanti ne. Don haka gasa wannan biskit a cikin gida sabon abu ne, kuma ya fi ƙarfi tsakanin Sinawan da ke zaune a waje, irin na Maleshiya da Singafo da Amurka da Kanada. Wanda ya yi nisa da gida shi ya fi riƙon abin gida. Uwar da ba za ta iya kai 'ya'yanta ƙauyen kakanninsu ba, tana iya zaunar da su gaban faranti, wannan na mulmula ƙullu, wancan na dasa ƙwaya, ita kuma tana ba su labarin wanda ya koya mata.

Aikin kansa ba shi da wahala, amma yana da ƙa'ida. Ga wani awo da ke ba da biskit wajen talatin: fulawa giram 200, niƙaƙƙen almon giram 100, sukari giram 120, bota giram 150, rabin ƙaramin cokali na bekin soda, ɗan gishiri, da ƙwai biyu. A fara buga bota da sukari har su yi fari su yi laushi, a saka gwaiduwar ƙwai ɗaya, kana a tankaɗe fulawa da sauran busassun kayan a zuba. A nan ne galibin masu koyo ke ɓata aiki, don sukan murza ƙullun kamar na burodi. Fulawa idan ta haɗu da ruwa aka kuma murza ta, danƙo take yi, danƙo kuwa shi ne abokin gabar wannan biskit. Aikin mai shi ne ya lulluɓe garin ya hana danƙon tashi, ta yadda in an sa a baka zai ruguje ya narke. Sinawa suna da kalma guda ta musamman don wannan rugujewa, su, kuma da ita suke auna gwanintar mai gashi. Saboda haka a haɗa da tattausan hannu, da zarar garin ya ɓace a tsaya.

Sai a rufe ƙullun a ajiye wuri mai sanyi kamar awa guda, domin in man ya narke kafin ya shiga wuta biskitin zai baje ya zama fanke. A gutsura gwargwadon goro, a mulmula, a ɗan danna da tafin hannu, a dasa ƙwayar almon a tsakiya. A kaɗa ƙwai na biyu a shafa a fuska, wanda shi ke ba da launin zinariya. Masu son ƙyalli sosai sukan shafa sau biyu. A gasa a zafin digiri 160 zuwa 170 na tsawon minti goma sha biyar zuwa ashirin. Mai gashi da tukunya, rairayi a ƙasa garwashi a kan murfi, yadda ake gasa kek a gidaje da yawa a nan ƙasar, ita ma za ta samu, muddin ta sassauta wuta. Idan an sauke kada a taɓa sai ya huce, don da zafinsa ko yatsa ya sha ya farfashe.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba a faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Na farko, kitsen da tsofaffin Sinawa ke amfani da shi na alade ne, kuma samfurin Jonshan na asali har yanki na wannan kitse ake sakawa a cikinsa bayan an jiƙa shi da sukari. Suna son sa ne domin babu ruwa a cikinsa, alhali bota tana ɗauke da ruwa kusan kashi ɗaya cikin shida, don haka ya fi ba da rugujewar nan. Ɗan kasuwa ko ɗalibin da ya je Guwanju ko Makawo aka miƙa masa kwalin tsaraba, ya kamata ya tambayi abin da ke ciki kafin ya kai baka. Musulmin Sin, irin 'yan ƙabilar Hui, sun daɗe da warware wannan matsala, suna yin kayan zaƙinsu da man tsirrai, kantunansu kuma suna ɗauke da alamar cinjen, watau halal. Mai gashi a gida kuwa, soyayyen man shanu ya ishe ta, domin shi ma wuta ta ƙone ruwan da ke cikinsa.

Na biyu ya shafi ƙwayar afirikot ɗin nan. Iri biyu ce, mai zaƙi da Sinawa ke kira ta kudu, da mai ɗaci ta arewa. Mai ɗacin ta fi ƙamshi, amma tana ɗauke da wani sinadari, amigdalin, wanda ke sakin gubar sayanayid a cikin jiki, dangin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci wanda ba a jiƙa ba. A 2016 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗin cewa babban mutum in ya ci ɗanyar ƙwayar ƙanana fiye da uku a zama ɗaya ya wuce haddi, ƙaramin yaro kuwa ko ɗaya tana iya yi masa yawa. Masu girkin Sin sun san haka, kaɗan suke sakawa kuma sai sun dafa. Wanda bai gaji wannan sani ba ya tsaya ga almon na kanti.

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya bikin sabuwar shekarar Sinawa cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. An yi murna, kuma ta cancanta. Amma abin da ke faruwa a madafa takarda ba ta iya tsare shi. Yau ma'aikaci a Hon Kon ko Singafo, mai zaune a ɗan ƙuntataccen gida can saman bene, wanda bai samun hutu sai ana gobe biki, ya fi masa sauƙi ya sayi gwangwani daga masana'anta, ko ya yi oda ta waya. Babu mai zarginsa, biskitin kanti ma yana da daɗi. Illa dai wanda ya saya ba ya da wanda zai koya wa, kuma awon tsohuwa, wanda da ido da tafin hannu take yinsa, in ba a tsaya kusa da ita an gani ba to ya tafi tare da ita. Canjin wake zuwa fulawa ko na kitse zuwa bota bai kashe biskitin ba, tun da kowane canji a hannun mai gashi ya auku, ita ta ɗanɗana ta yarda.

Inda al'adar ke da sauran ƙarfi, kamar garuruwan Finan da Ifo na Maleshiya, talaka ma bai yarda tsadar almon ta hana shi ba. Sai ya soya gyaɗa, ya murje ɓawon, ya niƙa, ya haɗa da fulawa da sukari da man gyaɗa, ya dasa rabin ƙwayar gyaɗa a tsakiya, ya shafa ƙwai. Fa san ben suke kiransa, kuma a gidaje da dama shi ke fara ƙarewa. In ya huce sai a jera shi a hankali cikin goran roba mai jan murfi, domin ja shi ne launin sa'a a wurinsu, a manne bakin da salatif don kada iska ta shiga. Mai kai wa surukai yakan ɗauki gora biyu, ko shida, ko takwas, ya haɗa da lemo. Huɗu dai ba a kaiwa, saboda a harshensu lafazin huɗu ya yi kusa da lafazin mutuwa.