A Fito da Darasin Ilimin Halittu Zuwa Gona da Tsakar Gida

A yawancin makarantun sakandaren karkara, a jikin allo ɗalibi yake haɗuwa da ilimin halittu. Malami ya zana saiwa da alli, ya jera sunayen sassanta da Turanci, yara su kwafe, su haddace, su juye a takardar jarrabawa, su manta. In aka tambayi dalili, sai a ce babu ɗakin gwaje-gwaje, babu kayan aiki. Rashin kayan aiki gaskiya ne, amma a ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, inda akasarin ɗalibai 'ya'yan manoma ne da makiyaya, wannan uzuri bai isa hujja ba. Ra'ayina shi ne, mafi yawan ginshiƙan wannan fanni, daga yadda tsiro ke samun abinci zuwa yadda ɗa ke gadon iyayensa, ana iya nuna su ƙuru-ƙuru da abin da yaron Getso ko na Garo yake wucewa kullum a hanyar makaranta. Yin hakan zai fi haddar allo amfani a zauren jarrabawa, kuma zai fi ta amfani a gona da asibiti.

A fara da wake. Manoman yankin sun daɗe suna haɗa shi da gero ko dawa a gona ɗaya, sun kuma san ƙasar da aka noma wake ko gyaɗa takan yi ƙarfi a shekara mai zuwa. Dalilin yana cikin saiwa. In aka tuge wake a hankali aka wanke, za a ga wasu ƙananan ƙulluttai manne da saiwar, in aka tsaga mai lafiya da reza sai a ga cikinsa ja-ja. A nan wasu ƙwayoyin bakteriya suke zaune. Suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, suna mai da shi abincin tsiro, shi kuma waken yana ciyar da su da sukarin da ganyensa ya sarrafa da hasken rana. Masana a Jamus da Holan ba su tabbatar da wannan cuɗanya ba sai a shekarun 1880. Sinadarin nan shi ne manomi yake saye da tsada a buhun yuriya. Gawo ma ɗan gidan su wake ne, ga shi kuma da ɗabi'ar kaɗe ganye da damina ya tofo da rani, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyensa kuma taki ne. A jihohin Maradi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma rainon itatuwan da suka tsiro da kansu a gonaki, gawo na gaba-gaba, har aka farfaɗo da miliyoyin hektoci. Ɗalibin da ya tsaga ƙullin wake da hannunsa zai gane abin da ya faru a can ba tare da dogon bayani ba.

Kishiyar wannan zaman taimakon juna ma tana cikin gonar. Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, tana liƙa bakinta a saiwar dawa ko masara tana tsotse ruwa da abinci tun kafin ta leƙo sama da furenta mai kyan gani. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban iri ƙanana kamar ƙura, irin kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10, ba ya tsira sai ya ji sinadarin da saiwar hatsi ke fitarwa. Wanda ya san wannan ya san dalilin da ya sa malaman gona ke cewa a cire ta kafin ta yi iri, a kuma riƙa juya gona da waken suya ko auduga, waɗanda ke yaudarar irin ya tsira alhali ba zai iya kama su ba, sai ya mutu. Kauci da ke bisa itatuwa shi ma haka yake rayuwa, tsuntsaye ne ke kai irinsa daga reshe zuwa reshe. Babi guda na manhaja ke nan, a gona ɗaya, cikin safiya ɗaya.

Batun hayayyafa da gado ya fi kowane babi nauyi ga iyalai. Masara tana da furen namiji a saman kara, na mace kuma shi ne gemun da ke bakin goyo, kuma kowane zare na gemun yana kaiwa ga ƙwaya ɗaya. In ɗalibai suka rufe goyo da jakar takarda kafin gemu ya fito, za su ɓare shi daga baya su tarar da totuwa ba ƙwaya. Gwanda tana da namiji mai fure ba 'ya'ya, dabino ma haka. Gregor Mendel, wanda ya buga sakamakon bincikensa a 1866, da wani nau'in wake ya yi aiki a lambun gidan ibada, kayan aikinsa kuwa haƙuri ne da ƙidaya. Ƙa'idar da ya gano ita ce ke bayyana dalilin da ya sa irin masara na aure ba ya ba da amfani iri ɗaya in aka sake shuka 'ya'yansa. Ita ce kuma ke bayyana cutar sikila: in miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma haihuwar mai cutar a wannan karo ba ta kare na gaba. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da gwajin rukunin jini na gado. Doka tana iya tilasta gwaji, amma fahimtar sakamakon a aji ake samunta. Za a iya nuna ƙa'idar Mendel da farin wake da ja a cikin ƙoƙo biyu, yara su riƙa ɗiba ido rufe suna ƙirgawa.

Ga lafiyar yau da kullum ma haka abin yake. A ɗebo ruwan kududdufi mai tsutsotsin sauro a kwalba, a ɗaure bakin da gidan sauro, cikin mako guda zuwa kwana 10 yara za su ga tsutsa ta dunƙule, sannan sauro ya fito. Za su lura cewa wasu tsutsotsin suna kwanciya a miƙe a saman ruwa, su ne na sauron da ke ɗauke da zazzaɓin maleriya, wasu kuma suna reto da kai ƙasa. Ronald Ross ya tabbatar da alaƙar sauro da wannan cuta a Indiya a 1897. A garuruwan da ke kusa da madatsun ruwa, irin ta Challawa da ke Karaye maƙwabciyar Gwarzo da Kabo, darasin da ya fi gaggawa shi ne na katantanwar ruwa, wadda a jikinta ƙwayar tsargiya ke girma kafin ta huda fatar mai wanka. Kurkunu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013, ba allura ce ta kore shi ba. Sanin yadda yake zagaye ne, da tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwo shiga tafki. Madafi ma aji ne: kindirmo da daddawar kalwa aikin bakteriya ne, buhun ajiye wake mai ninki uku yana kashe ƙwari ne ta hana su iskar shaƙa, ba da guba ba, ranar layya kuwa huhu da hanta da ƙoda da tumbi mai ɗaki huɗu suna gaban kowane yaro.

Mai suka zai ce jarrabawar WAEC da NECO da Turanci ake rubuta ta, da sunayen kimiyya, kuma ba wanda zai ba ɗalibi maki don ya san gawo. Wannan magana ta manta da fasalin jarrabawar kanta. A takardar gwaji ta aikace, samfura ake ajiye wa ɗalibi, kamar ƙwayar wake, masara, fara, kyankyaso, ƙadangare ko kifi, a ce ya zana, ya sa sunayen sassa, ya faɗi yadda siffar ta dace da rayuwar halittar. Wanda ya saba duba abu da idonsa shi ke cin wannan takarda. Sunayen Turanci dole a koye su, amma suna ya fi zama a ƙwaƙwalwa in an rataya shi a kan abin da hannu ya taɓa. Gani ya kori ji.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: ba a ganin ƙwayar halitta da ido, kuma wannan kira zai iya zama mafaka ga gwamnati ta ƙi gina ɗakunan gwaji a ƙauye alhali makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka kafa a 1977, an tanadar musu nasu. Na yarda da rabin maganar. Madubin ƙara girman abu wajibi ne, kuma iyaye su ci gaba da neman haƙƙin 'ya'yansu, musamman da yake gwamnatin jiha da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Sai dai yaron da ke aji a bana ba zai jira gini ba. Masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun ƙera madubin takarda mai suna Foldscope, wanda kuɗin kayansa bai kai dala biyu ba, yana kuma nuna ƙwayoyin fatar albasa. Ko an kawo manyan na'urori, makarantar da ba ta koyar da lura da auna abu da rubuta sakamako ba, a kabad za ta kulle su.

Akwai kuma masu tsoron kada a cakuɗa kimiyya da camfi, tunda sanin gargajiya ba duka ne daidai ba. Har yanzu akwai mai cewa ɗanyen mangwaro ke kawo zazzaɓi, ko fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro, ko tsutsa daga jikin nama take fitowa da kanta. Amsar ita ce, ba yarda da duk abin da aka gada ake nema ba, gwada shi ake nema. A 1668 Francesco Redi na Italiya ya sa nama a kwalabe, ya rufe wasu da siririn ƙyalle ya bar wasu a buɗe, tsutsa ta fito ne kawai inda ƙuda ya sauka. Kowace makaranta a Kutama ko Kabo za ta iya maimaita wannan da kwalba biyu da ɗan tsoka. Ta haka yaro zai ga maganar kakansa a kan gawo ta tabbata, maganar tsutsa ta faɗi, ya koyi cewa hujja ce alƙali.

Abin da ya rage shi ne tsari, domin malamin da ke da ɗalibai sun cika aji ba zai yi wannan shi kaɗai ba. Sassan ilimi na ƙananan hukumomin biyu su sa kowace makaranta ta ware ɗan fili na shuka, su kuma jera darussa bisa yanayi: tsirowar iri da sauro a farkon damina, saiwar wake da wuta-wuta in an dawo hutu a watan Satumba, ajiyar hatsi da kaka, katantanwa da noman rani a bakin ruwa. Malaman gona na hukumar noma ta jiha, KNARDA, da ma'aikatan asibitocin yankin su riƙa shiga aji ko sau ɗaya a zango. Kwalejojin horar da malamai da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero su fitar da ɗan littafin jagora na gwaje-gwaje masu sauƙi, da Hausa da Turanci. Ƙungiyoyin iyaye da na tsofaffin ɗalibai kuwa, kuɗin da ake kashewa a bikin yaye ɗalibai guda ɗaya zai sayi reza da kwalabe da madubai na zangon karatu sukutum. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran kasafin kuɗin baɗi, shugaban makarantar da ya ga dama zai iya farawa a wannan zango.