Wa Ya Ce Zaki Ba Ya Hawa Itace?

Jama'a, yau ƙarar kaina na kawo muku. Da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni na faɗa wata makaranta a Sabo, watau unguwar Hausawan Ibadan. Ran nan ina ba 'yan aji uku darasin namun daji, sai na ce, "In zaki ya biyo ka, hau itace, ka tsira, gama ba ya iya hawa." Haka aka koya mini a makarantar mishan, haka na juye musu. Sai wani yaro, ɗan mahauci, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kakana maharbi ne, shi ko cewa ya yi yana hawa." Na daka masa tsawa, na sa shi durƙuso, 'yan aji suna ta dariya.

Ashe yaron ke da gaskiya. A Ishasha, cikin ƙasar Uganda, zakoki kan wuni kwance bisa rassan ɓaure. Haka kuma a bakin tafkin Manyara na Tanzaniya. Masana na zaton zafin ƙasa da cizon ƙudaje ke kai su sama. Ko ɓauna ma, in garkensu ya taso wa zaki, sai ka ga sarkin dawa ya ɗare itace ba kunya.

Amma fa ba gwani ba ne. Babban namiji yakan kai fam 400, ga faratansa kamar ƙugiya, suna taimakonsa wajen hawa, wajen sauka kuwa sai kame-kame. Gwanar ita ce damisa, wadda kan ja barewa sukutum ta rataye a reshe don kada kura ta ƙwace. Kura kam, faratanta dakusassu ne irin na kare, sai dai ta tsaya gindi tana haɗiyar yawu.

To, ga ra'ayina. Bai kamata malami ya koyar da abin da ya haddace kawai, sa'an nan ya toshe bakin yaron da ya zo da labarin gida ba. Gidan namun dajin Jami'ar Ibadan yana nan tun 1948, amma ko sau ɗaya ban kai su ba. Na sani zakin keji ba zai nuna musu hawa ba, amma da sun ga faratan da idonsu, sun yi tambaya.

Wani tsohon malami ya ce kada in kuskura in janye maganata gaban yara, wai girmana zai zube. Ban bi shawararsa ba. Na tsaya gaban aji na ce, "Ni na yi kuskure, kakan wane ya fi ni sani." Ba wanda ya rena ni. Sai dai har na gama makonnina shida a makarantar, yaron nan bai sāke ɗaga hannu ba.